Ƙwayoyin Malam Bello

Har yau da na ajiye aiki, ban taɓa mantawa da ranar da na watsa ƙwayoyin Malam Bello cikin kanal ɗin ban ruwa ba. Lokacin ni ne shugaban masu kula da ƙofofin ruwan noman rani a tsakanin Mafara da Bakura. Aikinmu mu buɗe wa kowane layin gonaki ruwa a ranarsa, mu rufe idan lokaci ya cika. Dokar kuwa a fili take: wanda aka kama da ƙwaya, rahoto ake kai wa injiniya, sai kora.

Malam Bello mutumin Dakko ne, ya daɗe a ƙarƙashina. 'Yan bindiga sun taɓa riƙe shi kwanaki, kuma tun da ya dawo aiki na ga ya sauya. Mutumin da kan tambaye ka har lafiyar awakinka, gaisuwarsa ta koma kalma biyu. Ga hamma, ga nauyin baki. Ni kuwa Allah ya yi ni da zargi, ko tari ka yi sai na nemi dalili. Na sa masa ido. Kullum bayan azahar sai ya zagaya, ya ciro wani abu daga hularsa ya haɗiye.

Wata Talata, sauran ma'aikata sun tafi kasuwa, na lallaɓa na cafke hannunsa. Ƙwayoyi ne farare a ƙullin leda, babu kwali.

"Malam Bello, mi na na wanga?"

"Maigida, bar shi don Allah."

"Tiramol na ko? Kai da hurhura ga kai?"

Ya sunkuyar da kai, na ɗauki shirun a matsayin amsa. Na watsa su a ruwa, na ce na rufa masa asiri. Har daɗi na ji, wai na ceci magidanci. Da ya nemi izinin zuwa birni na hana, don na tabbata sayo wasu za shi.

Bayan kamar mako biyu, wata safiya babura suka wuce a guje ta bakin kanal. Malam Bello ya bar ƙofa a buɗe ya faɗa cikin shinkafa, sai la'asar aka gano shi yana makyarkyata. Ruwa ya shanye gonaki uku. Injiniya ya fara rubuta takardar kora, sai ga yayan Malam Bello da katin asibiti. Ashe likitan ƙwaƙwalwa ne ya ɗora shi a kan maganin tun bayan sako shi, ya ce kada ya tsallake ko kwana ɗaya. Na faɗa wa injiniya abin da na aikata, ya mayar da korar hutun jinya, ni kuma na karɓi takardar gargaɗi.

Da ya ji sauƙi na je Dakko, cike da kunya.

"Don mi ba ka hwaɗa min ba?"

"Maigida, ɗiya mata ukku gare ni. In anka ce ubansu ɗan ƙwaya na, sai a ce halinai na. In anka ce taɓin hankali, sai a ce jini na. Wa ka zuwa neman aurensu?"

Ku da kuke riƙe da aikin yanzu, masu shan ƙwaya suna nan, kuma su ma asibiti ya kamata ku kai su. Amma shirun ma'aikaci ba amsa laifi ba ne. Ni na sa wa mutumin nan ido wata guda cur, ban taɓa tambayarsa ko yana samun barci ba.