Kogin da ke Jikin Bango

Ana sallame sallar asuba a Haramin Makka muka kama hanyar Jidda, ni da kawuna, a motar haya. Alhazai sun riga sun watse, unguwar Jarwal ta yi tsit, masu gasa burodin tamis ma ba su gama hura wuta ba. Kawu shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, a shagonsa na koyi cinikin yadi. Yanar ido ce ta rufe masa gani, ɗansa da ke karatu a Amurka ya aiko cewa akwai likitan da ke cire ta. Aka duba wanda zai riƙe masa hannu, aka ce ni.

Daga Jidda muka hau jirgin sama mai farfela, muna sauka muna tashi har na daina tambayar sunayen garuruwa. Duk sanda jirgi ya karkata sai Kawu ya taɓo ni ya ce, "Yanzu kuma ina alƙibla ta koma?" Mu da muka saba ɗaga kai mu gan ta, ga mu muna laluben ta a sama.

Garin da muka dosa yana can tsakiyar ƙasar, a bakin wani ƙaton kogi mai launin shayi da madara. Jiragen ruwa na jan gawayi da hatsi a kansa, ga gadojin ƙarfe. Ɗan Kawu ya tare mu, ya kai mahaifinsa asibiti. Masaukan da ke kusa ba sa karɓar mai irin fatarmu, sai ya sama mini ɗaki a gidan wata tsohuwa, baƙar fata, a ƙetaren gada. Bayan an yi aikin ya hau jirgin ƙasa ya koma makaranta.

Tsohuwar ta ɗauka ina jin Turanci tunda kamarmu ɗaya. Da ta ga ban gane ba sai ta ƙara ɗaga murya. Tsoron naman alade ya sa na tsaya kan burodi da ƙwai, abin da kake sayen ƙwai biyu a can kuwa ya ishi gida guda karin kumallo da waken ful a unguwar Mansur ta Makka. Da ta lura sai ta riƙa dafa mini wake a tukunya dabam. Mu zauna mu ci tare. Ba kiran salla a garin, da agogo nake salla, ni kaɗai, a kan tawul.

Ganin Kawu sai bayan azahar, na ɗan lokaci. An naɗe masa idanu, an tokare kansa da ƙananan buhunan yashi don kada ya motsa. Kullum tambayarsa ɗaya: "Me ka gani yau, ɗana?" In ce gada, in ce ƙanƙara. Ya daina cin abinci sosai, ya fara cewa in ya mutu a nan kada in bari a binne shi cikin akwati.

Sanyi ne ya kora ni cikin wani babban gini mai ginshiƙai a kan tudu. Na zaci kotu ce. Mai gadi, wani dattijo mai gashin baki, ya yi mini nuni in shige, ba a biyan komai. Ashe gidan ajiye zane-zane ne na mutanen yankin. Ɗaki na bin ɗaki, ga ɗumi, ga shiru, takalmina kaɗai ke ƙara. Da farko na riƙa sunkuyar da kai, don ban taso ina kallon surar mutane ba, wasu ma ba su da isasshiyar sutura ga wannan sanyi. Amma yawancinsu gonakin masara ne, da shanu, da manoma masu fuskar gajiya.

A ɗakin ƙarshe na tarar da kogin nan nasu an zana shi da yamma. Ruwa ya yi ja, wani mutum shi kaɗai a kwalekwale ya juya mana baya, can gaba kuma gaɓa ce da wata 'yar wuta. Na zauna a benci har ƙafafuna suka yi ɗumi, ban so tashi ba.

Ranar na sami abin faɗa wa Kawu. Ya saurara, ya ce, "Tafiya yake ko dawowa?"

Na ce ban sani ba.

"Koma ka dubo."

Haka na riƙa komawa kullum. Ya tambayi launin rigar mutumin, ya tambayi ko akwai kaya a kwalekwalen. Rannan sai ya ba ni labarin da bai taɓa ba kowa ba. Yana yaro suka taso daga ƙasar Kano a ƙasa, shi da iyayensa. A bakin wani kogi kafin Sudan zazzaɓi ya kama mahaifiyarsa, aka binne ta a nan, washegari aka sa shi a kwalekwale. "Ban waiwaya ba, ɗana," ya ce. "Tsoron ruwa nake ji." Da ya gama ya ce a miƙo masa abincinsa.

Da aka kwance masa idanu, na dama ya buɗe kaɗan, na hagu ya tafi ke nan. Kafin mu bar garin ya ce in kai shi. Na riƙe hannunsa muka hau matakala. Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa zanen. Mai gadi ya taso, ya dube mu, ya koma kujerarsa.

Na ce, "Kawu, ka gan shi?"

Ya ce, "Mutumin ban gan shi ba. Amma na ga wutar."

Muka zauna a bencin, ya yi wa mahaifiyarsa addu'a a hankali, na shafa.

Ranar tafiya tsohuwar ta ƙulle mana wake a kwano, ta tsaya a ƙofa tana magana. Na amsa mata da Hausa, muka rabu a haka.

Mun shigo Makka da la'asar. Tun daga bakin unguwa ake "Alhamdu lillah alas salama," yara na rige-rigen ɗaukar akwati, kunnena har ciwo ya yi don daɗi. Na tashi a garin da baƙi ke cika shi kowace shekara, na sha sayar musu da yadi ban dubi fuskarsu ba. Yanzu in na hangi alhaji ya tsaya shi kaɗai a bakin shago yana kallon abin da bai gane ba, nakan jawo masa kujera tukuna.