Gudun Shiga Soja

A shekarar da na nemi aikin soja karo na uku, shekaruna sun kai iyaka. In ban shiga a wannan karon ba, shi ke nan. Ina ɗinki a shagon babanmu a unguwar Wunti cikin Bauchi, amma raina ba ya wurin. Kullum bayan sallar asuba nakan sa takalmin kambas in yi gudu har kusa da barikin Shadawanka in dawo. A baya takardu ne suka kayar da ni. Gudu kam ban taɓa jin tsoronsa ba.

Da damina zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni kusan mako uku. Da na warke na koma gudu, sai na tarar jikin ba nawa ba ne. Tafiya lafiya lau, sassarfa ma haka. Amma da na ƙara wuta sai ƙirjina ya kama dukan tara-tara, in wage baki ina jan iska, iskar tana shiga amma kamar ba ta zuwa ko'ina. Rannan sai da na dafa wata motar hatsi a bakin kasuwar Muda Lawal, idona yana ganin duhu. Saura kwana tara a yi gudun tantancewa.

Yayata ma'aikaciyar jinya ce. Da na faɗa mata, ta ja fatar idona ƙasa ta duba, ta juya tafin hannuna.

"Kai, ka ga yadda ka yi fari fat? Tashi mu je a auna jininka."

Likitan dattijo ne, mutumin Bogoro, Hausarsa a hankali. Ya duba takardar awon ya ce jinina ya yi ƙasa sosai.

Na ce, "Likita, ai numfashi ne matsalata. Huhuna za a duba."

Ya ce huhuna ƙalau yake. "Huhu ya karɓi iska, amma jini ne ke ɗaukarta ya kai wa naman ƙafafunka. Zazzaɓi ya cinye masu ɗaukar. Zuciyarka tana ƙara sauri don ta cike giɓin, to ita ma tana da inda take tsayawa. In ta kai nan, ko duk iskar Bauchi ka shaƙa, ba za ta isa ƙafarka ba."

"To a ƙara mini jini."

"Ba a ƙara wa mutum jini don gudu. Kuma naka bai kai ga haka ba."

Na roƙe shi. Wallahi har na durƙusa, na ce Yaya za ta ba ni nata. Ita kuwa ta kau da kai tana share ido da gefen mayafi. Ya rubuta mini ƙwayoyi, ya ce jini sai ya yi makonni kafin ya dawo, kuma kada in matsa wa kaina.

Kwana taran nan babu abin da ban ci ba. Hanta, zogale, alayyahu, dabino da madara. Kowace safiya in tsaya gaban madubin shago in ja fatar idona ko ta yi ja. Babanmu yana kallona ta saman keken ɗinki.

Ranar gudun na fita da kyau, ina cikin na gaba. Ban kai rabi ba abin ya zo. Kunnuwana suka toshe, bugun zuciyata kawai nake ji. Ina cewa ƙafafuna su ɗaga, suna ƙi. Waɗanda nake wucewa a hanyar Shadawanka suka riƙa wuce ni ɗaya bayan ɗaya. Ban faɗi ba, ban kuma tsaya ba. Na isa ina jan ƙafa, na tarar an riga an ja igiya, an ware waɗanda suka ci. Wani soja ya miƙo mini ruwa ya ce in zauna a inuwa.

Yaya ce ta zo da keke napep ta ɗauke ni. Muka wuce gida.

Bayan wata biyu aka sake auna jinin, likita ya ce ya dawo daidai. Na karɓi takardar na ninke, na fito na tsaya a bakin titi na daɗe, ban san inda zan nufa ba.