Muttaƙa na Ɗakin Magani Zai Tafi Dakar

Duk wanda ya taɓa zuwa gidan likitan Magariya da safe ya san tagar nan ta gefen gabas inda ake karɓar magani. Mutumin da ke bayanta shi ne Muttaƙa ɗan Illo, haifaffen Dogo-Dogo. Daga sallar asuba yake wucewa can. Ya share ɗakin da kansa, ya tafasa allurai, ya goge ɗan sikelinsa, ya jera kwalabe, kafin mata masu goyo su cika gindin tsamiya. Ba ya sakin magani sai ya ce da mai karɓa, "Maimaita mini yadda za ki ba shi." In ta yi kuskure ya sake bayani daga farko, ko da layi ya kai bakin titi.

Da tsakar rana ma'aikatan bariki duk su watse, daga kumandan, Baturen mulki, har masinjansa, kowa ya nemi inuwa ya miƙe baya. A wannan lokacin ne Muttaƙa ke rufe taga, ya kurɓi fura a tsaye, ya buɗe littattafai. Shekara huɗu ke nan yana haka. Ni Usmanu, mushe ne, wato malamin makaranta, a lakwal ɗin garin nan, katanga ɗaya ta raba gidana da nasa, kuma ni nake duba masa lissafi. Abin da zan faɗa, wani na gani da idona, wani waɗanda suka gani ne suka gaya mini.

Burinsa ya shiga makarantar haɗa magani ta Dakar. Na taɓa tambayarsa me ya rasa a nan, ga aiki ga mutunci. Ya ce, "Mushe, wata tsohuwa ta tambaye ni me ke cikin ruwan da na ba jikanta. Na ce magani ne. Ta ce ai ta sani, wane iri? Wallahi ban sani ba. Abin da aka rubuta nake aunawa. Ranar da kwalbar ta ƙare, ni da wannan tsohuwa ɗaya muke."

Shiga makarantar sai da konkur, jarrabawar da ake yi a Damagaram sau ɗaya a shekara, kuma akwai iyakar shekarun haihuwa da in mutum ya haye ba a karɓarsa. Waɗanda yake karawa da su samari ne da ba su da aiki sai karatu. Shi kuwa darussa ake aiko masa ta gidan waya, wani lokaci su makale a hanya har damina ta wuce. Karon farko ya faɗi. Ya dawo, washegari ya buɗe tagarsa.

Sai ya ƙara wa kansa karatu, ya rage barci, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. A cikin wannan hali ne wani abu ya faru da har yau bai manta da shi ba. Wata mata Fadi ta kawo ɗanta mai zazzaɓi daga wani ƙauye a hanyar Dungas. Ya auna mata garin magani, ta tafi. Can da rana yana cikin karatu sai shakka ta kama shi: awon yaro ya ba ta ko na babba? Ya duba sikeli, ya duba kwalba, ya kasa tunawa. Ya ari keken wani ɗan kasuwa ya bi hanya cikin rana tsaka. Inda yashi ya yi yawa ya sauka ya tura, inda ya ƙi turuwa ya yar da keken ya ci gaba da ƙafa. Ya same ta a bakin wata rijiya tana shayar da jakinta.

"Kin ba shi?" ya ce, numfashi na sarƙe masa.

"Ban ba shi ba tukuna, Malam. Ka ce sai ya ci abinci."

Ya kwance ƙullin. Awon daidai ne, na yaro. Fadi ta gaya mini cewa sai ya zauna a ƙasa ya dafe kai, har ta ɗebo ruwa ta miƙa masa tana tambayar ko wani ne ya rasu. Da ya dawo ya ce mini, "Faɗuwa ba ta ba ni tsoro kamar wannan, Mushe. In karatun nan ya sa na kashe ɗan wani, me na karanta?" Tun daga ranar ya hana kansa taɓa littafi matuƙar akwai mai jira a taga, kuma kowane awo sau biyu yake yi.

Karo na biyu ya zo da bazara. Ya shirya sosai, ni kaina na sa rai. Ranar tafiya kayansa na kan kamyon, babbar motar gyaɗa mai zuwa Damagaram, sai ga wani makiyayi, Labbo, ya iso a kan doki daga wajen Waca. Ya ce sanƙarau ya shiga rugagensu da ƙauyukan kewaye, yara na sandarewa, jiya kaɗai an binne da yawa, ƴarsa Aisa ma tana kwance. Majo Bunu, babban ma'aikacin jinyar gidan likitan, dattijo ne mai ciwon gwiwa, ba ya iya hawan doki, kuma ba a barin gidan likita babu kowa. Ya dubi Muttaƙa ya ce, "Ɗana, hau motarka. Zan aika wa lokotoro, babban likita, ya turo wani."

"Baba Majo, kafin wanin ya iso, sai yaushe?"

Direba na ta danna oda. Muttaƙa ya daɗe a tsaye, hannunsa ɗaya a jikin motar. Sannan ya ce da yaron mota ya sauko masa da kaya.

Muttaƙa, kai ne ka shiga bukkokin da dangi suka ji tsoron shiga. Kai ne ka niƙa ƙwayoyi ka ɗura wa yaran da haƙoransu suka datse, ka raba masu ciwo da masu lafiya, ka roƙi iyaye kada su gudu da marasa lafiya cikin daji. Ba duka suka tashi ba, kuma ba ka taɓa ɓoye hakan ba. Amma Aisa ta tashi, da wasu da yawa. Labbo ya ce mini ranar da ake konkur ɗin ya gan ka ka tsaya kana kallon arewa, wajen Damagaram, sannan ka sunkuya ka ci gaba da wanke hannu.

Saura karo ɗaya, na bana. In ya wuce, shekarunsa sun haye iyaka. Gidansa ya zama gidan fargaba. Mahaifiyarsa Ƙande ta zo daga Dogo-Dogo ta ce masa, "Ga gona, ga shanu, ga aikin Nasara a hannu. Me kuma ake nema a bakin teku?" Matarsa Balki ba ta taɓa cewa ya bari ba, amma ta faɗa wa matata cewa ba ta san abin da za ta roƙa ba: in ya faɗi zai karye, in ya ci zai yi shekaru ba ya nan, ga yara ƙanana. Kullum tsoronsu kada wata cuta ta sake ɓullowa a makon tafiya. Shi kansa duk doki ya tsaya a ƙofar gidan likita sai ya leƙo ta taga.

Allah ya sa ba abin da ya ɓullo. Ya je, ya rubuta, ya dawo yana cewa ya ɓata tambaya guda a lissafi. Jira ya yi tsawo. Damina ta sauka, aka yi shuka, aka yi noman farko, shiru. Ya daina cin abincin kirki. In na ce masa mu duba tambayar da yake zargi, sai ya ce, "Bari, Mushe, kada in ga wata."

Ranar wata Talata lokotoro, Baturen likitan da ke zagayo mana daga Damagaram, ya iso. Ya shiga ɗakin magani, ga layi a waje, ya miƙa wa Muttaƙa hannu ya ce an ɗauke shi. Majo Bunu ne ya ba ni labari. Muttaƙa ya jingina da bango har launin fuskarsa ya dawo, sannan ya juya ga matar da ke taga ya ce, "Yi haƙuri, Inna. Ina muka tsaya?"

Alhamis mai zuwa zai tashi: mota zuwa Kano, jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga nan jirgin ruwa, shi da bai taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin damina ba. Hankalinmu bai kwanta ba. Wanda zai maye gurbinsa bai iso ba tukuna, bazara kuma, lokacin sanƙarau, za ta sake zagayowa. Mun kuma san da yawa da suka tafi karatu aka riƙe su a manyan birane.

Mun gode, Muttaƙa, mai auna sau biyu. Mun gode wa Balki da za ta riƙe gida. Ku kuma samarin da ke aiki a bariki da kantuna, masu cewa aiki ya hana ku karatu, ku je ku gaishe shi kafin Alhamis, ku tambaye shi yadda ya yi.

Jiya Ƙande ta sa shi ya durƙusa a gabanta, ta dafa kansa ta sa masa albarka. Da ta gama ba ta ɗauke hannun ba. Ta ce, "Na yarda ka tafi. Amma in ka koyo, a nan marasa lafiyarka suke."