Farfesa Yana Neman Ido Ɗaya a Layinmu

Tare muka tashi da Darmono a layinmu na bayan kasuwar tsuntsaye a garin Solo. Ni na ajiye boko a aji huɗu, shi kuwa ya yi ta karatu har gashin kansa ya gaji ya zube. Ya zama Farfesa a jami'a. Aikinsa shi ne ya yanke tantanin gaban ido, wannan mai kama da gilashin agogo, daga idon mamaci, ya ɗinka wa mai rai da zaren da ya fi gashi siranta.

Saboda hannuwan nan nasa, shekara talatin bai ɗauki fartanya ranar aikin gayya ba. Sai ya tsaya a inuwa yana nuna mana kwata da haɓa. Ko kwakwa matarsa ke fasa masa.

Ya je Tokyo, ya je Landan, an tafa masa. Amma a layinmu ko maƙwabci ɗaya bai taɓa sa hannu a takardarsa ta kyautar ido bayan mutuwa ba. Mahaifiyarsa ma cewa ta yi, "Da me zan gane babanka a lahira?" Don haka sai a jira tantani daga ƙasar waje, wanda bai fi ya zo sau biyu a shekara ba.

Saura wata ɗaya ya yi ritaya, ya same ni a rumfar shayi, takardar a hannu.

"Ponidi, zan sauka ban samu ko maƙwabci ɗaya ba. Ɗalibaina suna tambaya, ina jin kunya."

"Mas Farfesa," na ce, don da Mas muke girmama namiji a nan, "ka fara ba da naka mana."

"Na sa hannu tun kana da haƙora."

Na yi dariya na ƙi. Abin da ya karya ni wando ne. Tukijan tela, shekararsa huɗu a layin jiran tantani, idonsa na dama ya yi fari kamar ruwan shinkafa, na hagu ma ya fara. Ya ɗinka mini wandon bikin 'yata, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya da taƙi guda. Na je in yi masa tsiya, na tarar ya kai minti biyar yana neman kafar allura da harshen zare. Sai na juya. Na wuce gidan Farfesa da wandon a jikina, na ce ya kawo takardar.

Sai da ya haska mini fitila a ido tukuna. "Kai, mai kyau ne," in ji shi, da irin muryar mai taya ragon layya.

Ranar walimar ritaya ya tsayar da ni gaban ɗalibai, aka tafa mini fiye da yadda aka tafa masa. Maƙwabta uku suka sa hannu a wurin, don kada a ce Ponidi ya fi su.

Yanzu Farfesa ba ya gaishe ni, idona yake gaisarwa. "Daina murza shi, ba naka ba ne kai kaɗai."

Tukijan kuwa kullum da safe sai ya leƙo ta katanga. "Mas Ponidi, ya jiki? Jiya kamar na ji kana tari."

Na ce masa garau nake, ya ci gaba da jira.