Crisanto Abellera da Murabus ɗin da Ba a San Wanda Ya Karɓa Ba

"Rubuta cewa ya yi murabus cikin mutunci, ka wuce wurin. Layi ɗaya ne."

"Ba zan rubuta ba, Baffa."

"Efren, gawar ubanka na falo kana yi mini taurin kai? Mutanen ofishinsu za su zo coci. So kake su ji ana zaginsu?"

"Cewa suka yi ya yi murabus, don haka mu fita daga gidan nan. Mu ma sai mu miƙe a gaban jama'a mu ce haka ne?"

"Sannu lauya. Da takardar sakandare."

"'Yarka ce ke neman aiki a wurinsu, ba ni ba."

Masu karta a rumfar makoki suka ɗago kai, suka mayar. Melchor, ƙanen marigayin, ya fizge takardar tarihin rayuwar mamacin daga hannun Efren, autan marigayin, ya rubuta da kansa. Nasa aka karanta a coci. Wannan shi ne ɗayan tarihin, wanda ba a karanta ba.

Haihuwa da Asali

An haifi Crisanto Abellera ranar 14 ga watan Maris na shekarar 1957, a wani ƙauye da ke ƙetaren kogi daga garin Bayombong. Mahaifinsa Isidro manomin shinkafa ne a gonar haya, mahaifiyarsa Felisa kuma busasshen kifi take sayarwa ranar kasuwa. Shi ne na biyu cikin 'ya'ya biyar. A wancan zamani ƙauyen ba shi da gada, kuma a daminar 1965 ruwa ya tafi da yayarsa Nena a hanyar makaranta, yana tsaye a bakin gaɓa. Bai taɓa ba da wannan labari da bakinsa ba.

Karatu da Shiga Aiki

Ya yi firamare da sakandare a Bayombong, sannan ya samu tallafin karatu zuwa Manila, inda ya kammala ilimin injiniya a shekarar 1980. Shekara ta zagayo ya shiga Hukumar Gadojin Ƙauyuka, wata ƙaramar hukuma da ke ƙarƙashin ɗaya daga cikin manyan ma'aikatu, wadda aikinta shi ne rataya gadojin igiyar ƙarfe da katako a garuruwan da mota ba ta zuwa. Shekara goma sha takwas ya yi yana bin duwatsu, yana kwana a azuzuwan makaranta, yana cin abin da mutanen ƙauye suka dafa. Ba ya bari a buɗe gada sai ya fara haye ta da buhun shinkafa a kafaɗa.

Aure da Iyali

A watan Mayu na 1984 ya auri Perpetua Galang, mai ɗinki, 'yar garinsu, wadda yake kira Petra, 'ya'yanta kuma Nanang. Ita Manong take ce masa, wato yaya, 'ya'yan kuma Tatang, wato baba. Allah ya ba su uku: Marites, Arnel, da kuma Efren, wanda ya zo bayan an fitar da rai.

Naɗi

A tsarin ƙasar nan ikon zartarwa na mutum ɗaya ne. Shugaban ƙasa ne ke naɗa ministoci da mataimakansu da shugabannin hukumomi, shi ke da ikon ɗauke hukuma daga wannan ma'aikata ya liƙa ta a waccan, kuma abin da minista ya sa wa hannu a bakin aiki, doka na ɗaukarsa tamkar shugaba ne ya sa. A shekarar 1999 aka naɗa marigayi mataimakin darakta da sa hannun shugaban ƙasa. Ya sa takardar a gilashi, ya rataye ta a falo kusa da hoton Budurwa Maryamu. Da muƙamin aka ba shi gida a rukunin gidajen ma'aikata, mai ɗaki biyu da bishiyar gwanda a baya.

Kafin naɗin ya riga ya ci jarrabawar manyan ma'aikatan dindindin, wanda kuma ya ci ta ba a cire shi sai da laifi da bincike. A riƙe wannan.

Murabus na Ladabi

Akwai wata al'ada. Duk lokacin da sabon minista ya zo, manyan ma'aikata sukan rubuta takardar murabus su miƙa, wai don a ba sabon mai gida sarari ya zaɓi mutanensa. Ba a sa mata kwanan wata. Ana kiran ta murabus na ladabi. Bayan ɗan lokaci sai a dawo wa mutum da tasa, a gode masa, ya ci gaba da aiki. Al'adar ta waɗanda siyasa ta kawo ce, ba ta shafi ma'aikacin dindindin ba. Marigayi ya san haka, amma sau uku ya rubuta, sau uku aka dawo masa da ita.

Karo na huɗu matarsa ta same shi a teburin cin abinci da biro a hannu.

"Manong, wa ya ce ka rubuta?"

"Kowa ya rubuta."

"Kowa ɗin ai ɗan wani ne. Kai ɗan wa ne? Ɗan mai kifi."

"In ban rubuta ba cewa za a yi na manne wa kujera. Da wane ido zan dubi darakta a lif?"

"Da wanda kake dubana da shi in shinkafa ta ƙare."

"Ladabi ne kawai, Petra. Dawowa za ta yi."

Ya sa hannu. Kunya ce ta sa shi, ba doka ba.

Sauyin Ma'aikata

Takardar tana cikin kwali tare da sauran lokacin da umarni ya fito na sake fasalin hukumomi. Aka ɗauke Hukumar Gadojin Ƙauyuka daga ma'aikatarta, aka ajiye ta na wucin gadi a ƙarƙashin wani kwamiti, daga bisani aka narkar da ita cikin wata ma'aikata daban, aka sauya mata suna da tambari. Takardun 'yan siyasa sun koma hannun masu su, domin suna da waɗanda za su ɗaga musu waya. Ta marigayi ba ta dawo ba. Wani hannu da har yau ba a san mai shi ba ya buga mata kwanan wata. Ƙarshen wata albashi bai shigo ba. Ranar Litinin mai gadin da ya shekara goma yana sara masa ya tare ƙofa, yana kallon ƙasa, ya ce sunansa ba ya ciki.

Murabus ba ya tabbata sai wanda ke da iko ya karɓa a rubuce. Marigayi ya tafi neman wannan rubutu. Ma'aikata ta farko ta ce hukumar ta bar hannunta tun kafin a buga kwanan watan. Kwamitin ya riga ya watse. Ma'aikata ta biyu ta ce wanda shugaba ya naɗa, shugaba ne kaɗai ke karɓar murabus ɗinsa. Da ya rubuta can sama, amsa ta zo cewa hannun minista hannun shugaba ne, ya koma ma'aikatarsa. Wace daga ciki, ba a faɗa ba. Kai ɗaya, hannuwa dubu, kuma da aka zo tambayar wanda ya yi, kowane hannu ya shige aljihu.

Shekarun Ƙarshe

Babban ɗansa Arnel ya kawo lauya har gida. Marigayi ya ba lauyan kofi ya sha, ya raka shi bakin titi.

"Tatang, me ya sa?"

"Gwamnatin da ta karantar da ni zan kai ƙara?"

"Ita ai ta kai ka ƙasa."

"Kuskure ne. Za su gyara."

Shekara uku yana tashi da safe, ya sa farar riga gogaggiya, ya hau jifni, motar hayar cikin gari, zuwa ofis. Da yake ba a barinsa ya shiga, sai ya zauna a rumfar mai abinci da ke tsallaken titi, da fayil a cinya, wai kada ranar da za a neme shi a ce ya yi fashin aiki. Yaran da ya koya wa aiki sukan canza hanya in sun hango shi. Mai rumfar ta riƙa zuba masa miya ba ta tambaya. Idan damina ta matso yakan shiga motar haya zuwa arewa ya duba igiyoyin gadojinsa, ya rubuta rahoto, ya miƙa wa mai gadi.

Keken ɗinkin Nanang ne ya riƙe gidan. A nan karatun auta ya tsaya. Marubucin wannan tarihi bai yafe wa ma'aikatun ba, kuma gaskiya bai gama yafe wa marigayin ba.

Rasuwa da Jana'iza

Ranar Talata, 9 ga watan Oktoba, hawan jini ya buge shi a kan bencin rumfar, da hantsi. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Yana da shekara sittin da ɗaya. Gawar na falo aka kawo sanarwar farko, cewa iyalin wanda ya mutu a bakin aiki ne kaɗai ke da haƙƙin ci gaba da zama a gidan gwamnati.

An binne shi ranar Asabar a maƙabartar da ke bayan cocin unguwa. Mutanen ƙauyuka huɗu sun sauko daga duwatsu da kuɗin motarsu. Ya bar matarsa Perpetua, da 'ya'ya uku: Marites, ma'aikaciyar jinya a ƙasar waje, Arnel, direban motar kaya, da Efren, ba ya aikin komai. Ya bar jikoki biyu.

Ma'aikata ta turo wani saurayi da furanni. A jikin ƙyallen an rubuta da ruwan zinariya: Ga Mataimakin Daraktanmu. Bayan an rufe kabari saurayin ya matso kusa da Nanang, ya yi ta'aziyya, ya zaro ambulan daga jakarsa. Sanarwa ta biyu ce, zuwa ga iyalin tsohon ma'aikaci, da wa'adin ƙarshen wata. Baffa Melchor ya miƙa hannu zai karɓa a madadinta. Ta ture hannun. Ta karanta a tsaye, ta dubi ƙyallen furannin, ta dubi ambulan, sannan ta dubi saurayin.

"Yaro, mun ji, ya rubuta. A gabana ya rubuta. Wa ya karɓa?"