Kunnen Hagun Kurma

A hedkwatar jam'iyya mai mulki, can hawa na uku, akwai wani ɗaki mai dogon teburi da kujeru goma sha huɗu. Minista guda, in ba a kira shi ba, a kan benci yake jira a waje kamar mai neman aiki. Amma Kurma shekara goma sha tara yana shiga yana fita da tire a hannu, ba wanda ya taɓa ce masa dakata. Ba ilimi ne ya kai shi ba, ba shi kuma da uwa a gindin murhu. Abin da ya kai shi ɗaya ne: ba ya ji.

Ba haka aka haife shi ba. A masana'antar saƙa yake aiki lokacin da tukunyar inji ta fashe, ta kashe mutum biyu, shi kuma ya farka a asibiti yana ganin bakunan mutane suna motsi ba sauti. A lokacin matarsa tana da cikin 'yarsu Auta. Da aka haife ta aka miƙa masa ita tana tsala kuka, ya ga ɗan bakin a buɗe, bai ji komai ba. Haka ta girma, in tana son magana da shi sai ta ja gefen rigarsa. Bayan rasuwar uwar, yayyenta suka watse neman abinci, gida ya rage daga shi sai ita.

Shara ya fara yi a hedkwatar. Wata rana Sakataren jam'iyya ya yi ta kwaɗa masa kira daga baya bai juyo ba, sai ya ce, "Kai, wannan ai rijiya ce mai murfi!" Washegari aka ba shi farar riga da tire. Ya san Shugaban jam'iyya ba ya shan ruwan sanyi saboda haƙori. Ya san Ma'aji cokali huɗu na sukari yake zubawa, alhali likita ya hana shi ko da ɗaya. In suna buƙatarsa, murfin gorar ruwa suke jifan bayansa da shi, ya juyo da murmushi. Manyan mutane fa, masu jikoki! Amma shi bai taɓa ɗaukar abin da zafi ba, da wannan murfin ya kai Auta makaranta har ta zama ma'aikaciyar jinya.

To, ita wannan Autar ce ta jawo masa, don ƙauna. Wani likitan kunne ya zo asibitinsu, ta bi shi ta hana shi sakat sai da ya duba ubanta. Likita ya ce na dama ya tafi har abada, amma na hagu yana gyaruwa. Kurma ya ɗauki hutun sati uku, ya ce wa ofis aikin kaba za a yi masa. Aka yi masa aikin kunnen. Ranar da aka cire audugar da aka toshe shi da ita, abin da ya fara shiga kunnensa shi ne, "Baba?" Murya mai ɗan kauri, sak ta uwarta. Ya zauna a bakin gado ya yi ta kuka kamar yaro, yana cewa ta sake faɗa.

Kafin su iso gida murna ta koma ciki. Ya riƙe hannunta ya ce, "Auta, kada ki gaya wa kowa. Ko maƙwabta."

"Haba Baba, abin farin ciki?"

"Kurumtar nan ita ce takardar shaidata. Ranar da suka san ina ji, ranar zan ajiye tire."

Ta yi dariya, ta ga bai yi ba, sai ta yi alkawari.

Ya koma aiki saura wata uku zaɓe, ana zama kusan kullum. Abin dariya ya fara ji. Ashe Shugaba, da duk wannan tumbin, muryarsa siririya ce kamar ta sauro. Ashe shi kansa suna da sunan da suke kiransa, wai kujera ta goma sha biyar. Daga nan dariya ta ƙare. Ya ji ana karanta sunayen waɗanda za a ba takara tun kafin a je zaɓen fid da gwani. Ya ji an yanke cewa za a sauke Mataimakin Shugaba, mutumin da ya fita wanke hannu minti biyar da suka wuce, ya dawo aka tarbe shi da fara'a. Ya ji an ce wane in ya ƙi janyewa a buɗe masa tsohon fayil, in bai ji ba a taɓa ɗansa. Suna faɗa suna miƙo masa kofi. Mutane suna cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira. Kurma ya gane wanda ya yi wannan karin maganar bai taɓa hawa hawa na uku ba.

Ana nan sai jarida ta buga zancen sauke Mataimaki, kalma da kalma, har da tarin da Shugaba ya yi a tsakiya. Allah ya sani ba Kurma ba ne, ko Auta bai gaya wa ba. Amma wa zai rantse wa? In ya ce bai faɗa ba, ai ya amsa cewa ya ji.

Aka ɗora binciken a kan mai kula da tsaron jam'iyya, wani ɗan siririn mutum da ake kira Sanyi, don ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ya kori mai buga takardu. Ya sa aka ɗauke direban Ma'aji, aka yi kwana goma sha biyu ba a gan shi ba. Da ya dawo yana jan ƙafa, ba ya amsa gaisuwa, in an rufe ƙofa da ƙarfi sai ya dafe kai. Kurma ya gan shi a bakin famfo. Wannan fa a mota kawai yake zama. Ina ga wanda yake tsaye a cikin ɗakin?

Ranar Alhamis aka shiga zama ƙarfe goma na safe. Kowa ya ajiye wayarsa a kwando a bakin ƙofa, har da Kurma, aka kulle. Shugaba ya ce ba mai tashi sai an san bakin da ya yi yoyo. Aka yi ta zargin juna, har wani ya ce, "To saura Kurma ke nan." Ɗaki ya kwashe da dariya. Sanyi bai yi ba.

"Ya yi hutu kwanan baya," in ji shi a hankali. "An ce kaba. Ban ga yana tafiyar mai kaba ba."

Kurma yana goge teburi, ya ci gaba da gogewa. Tsumman bai tsaya ba. Sanyi, da yake makullin ɗakin yana hannunsa, ya fita, ya jima, ya dawo. Ya zo ya tsaya daidai bayan Kurma lokacin da yake zuba wa Shugaba shayi, ta ɓangaren hagu. Bai yi ihu ba, bai yar da komai ba. Sai dai ya kalli Sakatare ya ce, da muryar da ake tambayar lokaci:

"Yanzu aka aiko daga ƙofa. 'Yar wannan bawan Allah, mai aikin jinya, mota ta buge ta a gaban asibiti. Sun ce tana kiran babanta. Da wuya ta kai yamma."

Inna lillahi! Duniya ta juya wa Kurma. Ƙarya ce, ya gaya wa kansa, tarko ne, ai kowa ya san halin mutumin nan. Amma titin gaban asibitin fa? Shi da kansa ya sha yi mata faɗa a kan yadda take tsallakawa tana kallon waya. Kuma wanda ya iya ɓatar da direba kwana goma sha biyu, aika mota ɗaya zai gagare shi? In ya juya, ya mutu, kuma za su je su tambayi wadda ta kai shi wurin likita. In bai juya ba kuma gaskiya ne, tana can tana kiransa, da muryar nan da ya yi shekara ashirin da uku yana jira. Gaba kura, baya sayaki.

Shayi yana ta zuba. Ido goma sha huɗu sau biyu suna kan hannunsa. Ya kai daidai zanen zinaren da ke bakin kofin, ya ɗaga buta, ko ɗigo bai faɗi a faranti ba. Ya matsa gun Ma'aji, ya zuba sukari cokali huɗu, ya juya.

Ƙwal! Murfin gora ya same shi a baya. Ya juyo da murmushinsa na kullum. Sanyi ne ya jefa, yana nuna ruwa da yatsa, yana kallon cikin idonsa.

"Na gaya maka," in ji Shugaba da 'yar muryarsa, "bango ne. Mu koma kan jerin sunaye."

Ba wanda ya ce wasa ne. Ba wanda ya ce gaskiya ne. Suka ci gaba da rabon kujeru har ƙarfe huɗu, shi kuma yana tsaye jikin bango yana jiran murfi, yana ƙin kansa ƙiyayyar da bai taɓa yi wa kowa ba. Wane irin uba ne za a ce 'yarsa tana mutuwa ya tsaya auna sukari?

Da aka tashi ya wanke kofuna ɗaya bayan ɗaya, don haka ya saba. Ya karɓi wayarsa a kwando, ba saƙo. Kira kuwa ba dama, kurma ba ya kiran waya. Ya rubuta, "Kina ina?" Shiru. Ya so ya ruga asibiti, amma me zai kai shi can, tunda bai ji komai ba? Ya kama hanyar gida da tafiyarsa ta kullum, ya wuce mai facin taya, ya wuce shagon aski, ya ɗaga wa mai sayar da jarida hannu. A bayansa yana jin injin wata mota yana bin sa a hankali, in ya tsaya ta tsaya. Da can da ba zai ma sani ba, da ya yi tafiyarsa cikin kwanciyar rai.

Ya shiga layinsu. Ƙofar gidansu a rufe, ba taron mutane, ba takalma a waje. Motar ta tsaya a bakin layin, injin bai mutu ba. Yana laluben makulli, sai ya ji daga can tsallaken titi:

"Baba!"

Ita ce. Lafiyayyar murya, har da dariya a ciki. Ya dafa ƙofa, a zuciyarsa yana ta godiya ga Allah.

"Baba! Tsaya mana, wayata ce ta mutu!"

Bai juya ba. Ya zura makulli. Ya ji takunta ya sauya, ta fara gudu, ta kira na uku, wannan karon ba dariya. Sai ya ji an ja gefen rigarsa, yadda ba a ja ba tun ranar da aka cire auduga. Sannan ya juyo. Ga ta cikin fararen kayan aiki, ko ƙwarzane babu, idonta ya cika da tsoro.

"Baba, ba ka ji ni ba? Sau uku fa na kira. Ya sake toshewa ne?"

Ta saman kafaɗarta ya hango gilashin motar ya sauka kaɗan. Ya dubi 'yarsa, ya ɗaga hannu ya kara a bayan kunnensa na hagu, ya buɗe murya irin ta da, wadda duk layin ya sani.

"Eh? Me kika ce?"