Baba Sada, Mai Jin Sauti da Tafin Hannu

"Na ce rage ƙarar gangar nan, Baba!"

"Me ka ce?"

"Ganga! Ta yi yawa!"

"Ganga lafiyarta lau, ɗan nan. Jitarka ce ke kuka, wayarta ta uku ta saki."

Mati ya duba, ya taɓa wayar. Ta saki ɗin kuwa.

A gabana aka yi wannan, ranar Asabar ɗin da ta wuce, a ɗan kulob ɗin nan na bayan tashar Malumfashi a Funtuwa, ana gwajin kaya kafin wasa. Mati shi ne shugaban Taurarin Gozaki, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyoyinmu masu kiɗan jita mai ƙarfi, wanda samari ke ce wa rok. Wanda yake yi wa ihu kuma Baba Sada ne, mai gyaran rediyo da lasifika. Shi nake son in yi wa jinjina yau.

Duk wanda ya bi ta bakin kasuwa da sassafe ya san shi. Yana idar da asuba zai buɗe shago, ya share, ya ɗora ƙarfen dalma a wuta, ya sha shayinsa ba madara. Sai a fara kawo marasa lafiya: rediyon manomi da ruwa ya shiga, lasifikar masallaci da ta shaƙe, amfilifayar da wani ya haɗa wa waya a baibai. Shekara talatin da biyu yana haka. Ranar wasa kuwa ya ɗaure akwatunansa a kan kurar turawa, ya riga kowa isa, ya zauna can ƙurya a bayan jama'a inda ba mai ɗaukar hoto.

Mutanen Danja ba su manta da ranar da hadari ya taso ana tsakiyar wasa ba. Kowa ya ruga neman mafaka, shi ya cire rigarsa ya lulluɓe amfilifaya, ya tsaya a cikin ruwa daga shi sai singileti. Mati kuma har gobe yana ba da labarin yadda wayar jitarsa ta tsinke a Malumfashi saura kaɗan a fara, babu inda za a sami wata. Baba ya fita, ya dawo da wayar birkin babur, ya warware ta, ya zaro sili ɗaya ya ɗaura. Aka yi wasa, ba wanda ya gane.

Kai ne, Baba, da in sauti ya yi daɗi a tafa wa mawaƙi, in ya yi ƙara kowa ya waiwayo ya harare ka. Kai ne bangon da ake jingina a manta da shi.

Abin da ba a faɗa a gabansa shi ne, lasifikokin nan sun ci kunnensa. Kusan shekara biyar ke nan ba ya ji sosai. Sai ya koyi wata hanya. Yana ajiye ƙaramin akwatin lasifika kusa da gwiwarsa, ya ɗora tafin hannunsa na hagu a kai, na dama na kan maɓallai. Da motsin katakon yake gane ganga ta danne murya, da shi yake gane waya ta saki. Kiran sallah ma ba ya jin sa, amma bai taɓa barin kiɗa ya hau kan magariba ba. Inuwar katanga yake kallo, in ta kai wani tsagi da ya sani sai ya kashe komai, ko waye ke bisa dandamali.

'Yarsa Naja'atu, malamar firamare, ta taɓa lallaɓa shi zuwa asibiti a Zariya. Likita ya ce kunnen hagu ya riga ya tafi, na dama ana iya ceto shi da na'urar ji in ba a ɓata lokaci ba. Baba ya dawo gida ya ce ba zai koma ba.

"Wa zai ba kurma aikin sauti?" ya tambaye ta. "Ranar da aka gan ni da abin nan a kunne, shi ke nan, na zama abin tausayi."

Naja'atu ce ta je ta sami Mati. Ƙungiyoyi uku suka yarda su yi wasa kyauta, daga la'asar zuwa magariba. Aka ce wa Baba wasan taimako ne don wani bawan Allah da ke buƙatar asibiti. Bai tambayi suna ba. Cewa ya yi, "To kada wanda ya yi mini maganar kuɗin aiki."

Wasan ranar Asabar ɗin nan ke nan, wurin kuma ya cika. Manoma da suka baro masara a shanya, 'yan acaɓa, ɗalibai, har da wasu dattawa da suka rantse ba sa son wannan hayaniyar. Kafin a fara Mati ya ɗauki makirfo ya faɗi gaskiya, ya kira sunan Baba Sada sau uku. Na juya na dube shi. Kansa na sunkuye, hannunsa na kan akwati, yana gyara muryar da ke faɗin sunansa, bai san nasa ba ne. Wallahi a nan hawaye ya zubo mini.

Kowa ya san yadda liƙi yake. Wanda ke bisa dandamali ake wa, a goshinsa, jama'a na kallo. Ban taɓa ganin an yi wa mai haɗa waya ba. Da jitoci suka ɗauki zafi, wata Hajiya ta taso da kuɗi a hannu ta nufi Mati. Ya kauce da kansa, bai daina kiɗa ba, ya nuna mata ƙurya da wuyan jita. Ta juya. Na bayanta ma suka juya. Layi ya miƙe, duk ya ba mawaƙa baya.

"Hajiya, kin ɓata hanya," in ji Baba da takarda ta sauka a goshinsa. "Ga masu wasan can."

"Ban ɓata ba, Malam Sada. Zauna."

Ya dubi layin, ya dubi Naja'atu da ke tsaye jikin ƙofa tana goge ido da mayafi. Fuskarsa ta canza. Na ji tsoro ƙwarai, don na san zai iya naɗe wayoyinsa ya fice, kuma in ya fice ba mai sake tayar masa da zancen Zariya. Amma waƙa ba ta ƙare ba, shi kuwa bai taɓa barin waƙa a tsakiya ba. Ya bar hannunsa a kan akwati, kuɗi na zuba a kafaɗarsa, yana rage nan yana ƙara can, har Mati ya buga ta ƙarshe.

Mun gode, Baba. Allah ya saka maka da alheri, ya mayar maka da abin da ka ba mu. Mu kuma samari da muke son a gan mu a gaba, mu riƙa waiwayawa ƙurya. Kowane taro na da irinsa, kuma ba sai kunnensa ya mutu za mu san sunansa ba.

Inuwa ta kusa kaiwa tsagin katanga lokacin da ya miƙe. Ya karɓi makirfo, abin da in ba "gwaji, ɗaya, biyu" ba bai taɓa faɗin komai a cikinsa ba. Ya hura shi sau biyu, don hali.

"Kun yi mini wayo," ya ce. "Mati, shekara biyar ina jin kuskurenka da tafin hannu ina rufa maka asiri. Naja'atu, ki nemo mota. Litinin in Allah ya kai mu zan koma Zariya, in dawo in ji shi da kunnena."